Mai Tambayar Sunan Uwa a Rafin Toka

To, tunda kun nace, ga shi nan ya zo muku, ku buɗe kunne. Talatu, rage fitilar nan. Iro, janye ƙafarka daga bakin ƙofa. Ba don komai ba. Ka dai janye.

Kun san Tanimu, mai sayar da dankali a bakin tashar Bukuru? A da direba ne. Wata tsohuwar mota fijo yake ja, wadda ba ta tashi sai an tura ta, ba ta tsayawa sai an roƙe ta. Yana da Turanci kuma, irin na tasha, wanda ya tsinta lokacin da yake yi wa wasu Turawa dakon kaya. Shi a ganinsa ko Ingila aka kai shi sai ya yi musu gyara.

Wata rana da rani sai ga Baturiya a tasha. Gashinta ja kamar manja, rana ta ɗaye mata hanci, ta rungume wata jaka a ƙirji. Sunanta Una. Daga Ayalan ta zo, wani tsibiri can gaba da Ingila inda aka ce ruwan sama ba ya hutu. Direbobi suka yi mata caa. Da ta faɗi inda za ta, kowa ya tuna yana da aiki. Sai Tanimu, da ya ga hanyar nuna Turanci.

A mota ta ba shi labarinta. Ta ce a ƙasarsu in aka yi wa jariri baftisma, Fada yakan rubuta sunansa a littafin coci, da na ubansa, da na uwarsa. Ita kuwa ta bi coci-coci, ƙauye-ƙauye, tana buɗe tsofaffin littattafan nan. Ta gano danginsu da yunwa ta kora Amurka. Ta gano waɗanda suka yi can wata uwa duniya. Mutum ɗaya ne ya gagare ta: Kormak, yayan kakarta, wanda ya hau jirgin ruwa yana saurayi ya zo aikin kuza a ƙasar Jos. Daga nan babu wasiƙa, babu labari. Kakar ta mutu tana tambayarsa.

A Jos wani tsohon Fada ya buɗe mata littafin mishan. Layi ɗaya ta samu. Kormak ya rasu a Rafin Toka. Ba a ce ga inda aka binne shi ba. Fadan ya ce mata yanzu babu kowa a can, kufai ne.

Tanimu ya ce, "Madam, kada ki damu. Ko a ƙarƙashin dutse yake za mu tono shi."

Kun ji bakin mutum.

Sun so su yi sammako, fijo ta ce ba ta yarda ba. Kafin a lallashe ta hantsi ya dubi ludayi ya wuce. Suka bar kwalta, suka bi tsohuwar hanyar kamfani tsakanin duwatsu da tsibin ƙasar da aka haƙo tun zamanin Turawa. Ba su isa ba sai da rana ta take tsaka. Ku kuwa kun san ba a shiga kufai da tsakar rana. Tanimu ma ya sani. Amma ya riga ya cika baki.

Ya ajiye motar a kan gangara, hancinta na kallon hanyar gida, ya sa dutse a taya. Wannan ba dabara ba ce, halin fijonsa ne.

Wurin tsit. Babu tsuntsu, babu ƙuda. Ga wani tafki a ƙasa, tsohon ramin kuza da ruwa ya cika, kore shar, ko motsi ba ya yi. Tanimu ya lura da sawun shanu a ƙasa. Sun nufo ruwan, da yawa. Da suka zo kusa sai sawun ya karkace ya yi gabas. Rani ne fa. Shanu da ƙishi, suka ga ruwa, suka kauce.

Bai gaya wa Madam ba.

A saman tafkin akwai cocin. Bangon dutse ne kawai, babu rufi. A kan matakalar ƙofar wani tsoho na zaune, cikin tsohuwar kwat ta kaki, hannuwansa a kan gwiwa.

Una ta yi murna. Ta ce ashe da mutane.

Tanimu ya rusuna. "Sannu da hutawa, Baba."

Bakin tsohon ya motsa. Ba a ji komai ba. Sai da ya rufe bakin, sannan muryar ta iso. Kuma ba daga gabansu ta zo ba. Daga bayansu ta zo, ta wajen ruwa.

"Sannu kadai. Wane ne?"

Tanimu ya waiga. Babu kowa a baya. Ya ce a ransa ai duwatsu kan mayar da murya.

"Tanimu ne, Baba. Direba."

"Tanimu," in ji tsohon, a hankali, kamar mai ɗanɗana gishirin miya.

Sai a lokacin Tanimu ya dubi ƙafafunsa. Babu takalmi. Jiƙe suke, farin laka ya kama su har idon sawu. Ruwa na ɗiga daga matakalar, ɗis, ɗis. Ko'ina kuwa ƙasa ta bushe har ta dare.

Talatu, in za ki riƙe hannun Iro ki riƙe a fili, ba sai kin yi kamar kina neman tabarma ba.

Tanimu ya faɗi abin da ya kawo su. Wani Bature, mai aikin kuza, tun da can.

"Mai jan kai," in ji muryar. "Yana nan."

"Kabarinsa muke nema, Baba."

"Yana nan, na ce."

Tanimu ya fassara. Idon Una ya cika da hawaye. Ta yi ta yi wa tsohon magana da Turanci, tana godiya. Ko kallonta bai yi ba. Kamar babu ita a wurin.

"Ni ne helman lebura, wato shugabansu, a barikin nan," in ji tsohon. "Ni nake kiran suna kowace safiya. In kuna so in kira muku shi. Amma a nan ba mu tambayar uba. Wace ce uwarsa?"

Da Tanimu ya juya mata wannan, sai ta yi dariya cikin hawaye. Ta ce yau ta gamu da wanda ya san aikin. Ta ce duk mai neman asali ya san ta wajen uwa ake kama zaren. Ko jakar ba ta buɗe ba, sunayen suna kanta.

"Hanora," ta ce.

Ku lura da wannan. Mu nan, yaro ma ya san ba a ba baƙo sunan uwa. Da shi ake yi wa mutum aiki. Ita kuwa baiwar Allah, shekaru ta yi tana rarraba sunayen iyayenta ga duk wanda ya tambaya, kuma ko'ina alheri ta gani. Shi kuma Tanimu tafinta ne. Tafinta in magana ta shiga kunnensa, ta baki take fita, ba ta biyawa ta kai.

"Hanora, Baba," ya ce.

Tsohon ya juya fuskarsa ga tafkin. Bakinsa ya motsa. Muryar ta tashi daga kan ruwan.

"Kormak ɗan Hanora."

Ruwan ya yi zobe ɗaya a tsakiya. Zoben ya yi ta faɗi har ya taɓa gaɓa.

"Na'am."

Muryar namiji. Daga ƙasa, can ƙasa, kamar mai magana a cikin randa.

Tanimu ya ce a ransa kwaɗo ne. Kwaɗon da ya iya gaisuwa.

Una tana waige-waige, ta kasa gane daga ina sautin ya fito. Tsohon bai jira ba.

"Ita wannan, me ya haɗa ta da shi?"

Ta ce kakarta ƙanwarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Birida. Kafin Tanimu ya yi tunani, bakinsa ya riga ya kai saƙo.

"Birida 'yar Hanora," in ji muryar a kan ruwa.

Zobe ɗaya.

"Na'am."

Wannan karon tsohuwa ce. Ta amsa, sannan ta yi ɗan tari, sau biyu, irin na mai ciwon ƙirji.

Jakar Una ta faɗi ƙasa. Fuskarta ta yi fari fat, har jan hancin ya gudu.

"Tarin kakata ne," ta ce. "Tanimu, tarinta ne. Ni na zauna da ita har ta cika."

Tanimu ya ce, "Baba, ai wannan a can ƙasarsu aka binne ta. Bayan teku."

"Ruwan ƙarƙashin ƙasa duk ɗaya ne," in ji tsohon. "Birida ta haifi wa?"

Da Tanimu na da hankali, nan zai tsaya. Amma Madam ta kama hannun rigarsa tana cewa me ya ce, me ya ce. Ya gaya mata. Ta amsa ba tare da ta ɗauke ido daga ruwan ba. Nuwala. Mahaifiyarta.

Ya faɗa. A hankali ma ya faɗa, kamar hakan zai rage wani abu.

"Nuwala 'yar Birida."

Shiru. Ruwan bai motsa ba.

Tsohon ya sake kira. Shiru.

"Tana da nisa," ya ce. "Kuma ba ta kwanta ba tukuna. Za ta ji."

Tanimu ya ja da baya. Ya juya ga Una, Turancinsa duk ya watse, da ƙyar ya haɗa kalma uku. Mahaifiyarki tana raye?

Ta ce e. Tana gidan kula da tsofaffi. Ta daɗe ba ta magana, ba ta ma gane kowa.

"Baba," in ji Tanimu, muryarsa ta zama ta ɗan tsako. "Wanda ya amsa fa? Me yake faruwa da shi?"

"Wanda ya amsa kira ai ya zo aiki." Tsohon ya ɗan gyara zama. Ruwa ya zubo daga kwat ɗinsa. "Ramin bai ƙare ba. Hannu muke nema. Saura ita. Na san uwarta yanzu. Ba ni sunanta."

Una ba ta wurin. Ta riga ta gangara. Tana tafiya a hankali zuwa bakin tafkin, hannuwanta a miƙe, tana kiran kakarta. Tana faɗin sunan kanta da ƙarfi, tana cewa ni ce, ni ce, na zo, na same shi. Ta faɗi sunan ya fi a ƙirga.

Tsohon ya karkata kai kamar mai sauraron sauro.

"Ba na jin bakinta," ya ce. "Ƙasar nan ba ta san harshenta ba. Sai ɗan ƙasa ya faɗa. Me take cewa?"

Tanimu ya gane a nan take. Tsakanin matar nan da ramin nan, bakinsa ne kawai.

"Cewa take rana ta yi zafi, Baba."

"Ƙarya kake, tafinta."

"Tana kuma yaba ginin cocin."

"Tafintan mai jan kai ma haka ya fara. Daga baya ya faɗa."

"Ina yake yanzu?"

"Yana nan."

Takalmin Una ya taɓa ruwa. Tanimu ya so ya ruga wajenta, ƙafafunsa suka ƙi. Kamar an dasa shi.

Sai tsohon ya ɗago kai ya dube shi sosai, karo na farko. Idanunsa kore ne, irin koren tafkin.

"To a bar ta tukuna. Kai ka ba ni naka tun da ka iso. Tanimu. Ɗan wace ce?"

Tanimu ya datse haƙora. Bai yi amfani ba. Ya ji wani abu mai sanyi ya sauka cikin maƙogwaronsa, yana lalube, yana jawo magana kamar yadda ake jawo guga. Bakinsa ya buɗe da kansa.

"Inna," ya ce.

"Sunanta."

"Inna."

"Na yanka nake tambaya."

Sanyin ya ƙara nutsawa. Ya lalube cikinsa kaf. Ya fito da abin da ya samu.

"Mai-sunan-Goggo."

Abin da ya faru shi ne, mahaifiyar Tanimu sunanta ɗaya da surukarta, uwar mijinta. Tun ranar da aka kawo ta gidan babu mai iya kama sunan. Mijin ya ce "ke". 'Yan gida suka ce Mai-sunan-Goggo. 'Ya'ya suka ce Inna. Ta rasu Tanimu yana ƙarami, shi kuma ya girma a tasha, kunya ba ta taɓa barinsa ya tambaya ba. Ƙato da gemu, bai san sunan wadda ta haife shi ba.

"Goggon," in ji tsohon. "Mene ne sunanta?"

"Goggo."

Kuna dariya. Shi Tanimu bai yi ba. Domin tsohon ya miƙe tsaye. Dogo ne, ya fi ƙofar cocin. Da ya ɗaga ƙafa sai aka ji ƙarar da laka ke yi in aka zare abu daga cikinta, alhali a kan dutse yake.

"Ba komai," ya ce. "Mutane da yawa a ƙasa. Wani zai san ta."

Ya juya wa Tanimu baya, ya fuskanci ruwa, ya fara tambaya.

Yana ɗauke ido, ƙafafun Tanimu suka saku. Ya gangara a guje. Ruwa ya kai wa Una gwiwa. Mutumin da ko hannu bai taɓa miƙa wa mace ba, ya sungume ta ya saɓa a kafaɗa kamar buhun dankali. Tana dukan bayansa, tana kuka, tana cewa kakarta na kiranta. Bai fassara wa kowa wannan ba.

Ya jefa ta a mota. Ya shure dutsen taya. Fijo ta fara gangarawa, a hankali, kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa.

A bayansu tafkin ya fara magana. Ba zobe ɗaya ba yanzu. Duk fuskar ruwan ta ɗauki rawa. Muryoyi, maza da mata, kamar hayaniyar kasuwa daga nesa. Shawara suke yi. Sai muryar helman ta fito daga cikinsu, a natse.

"Tanimu ɗan Hauwa."

Tanimu ya saki kuloci don injin ya tashi. Mota ta yi tari, ta ƙi.

"Tanimu ɗan Rakiya."

Ya ji harshensa ya ɗan motsa, kamar yana jiran nasa. Nan ne tsoron ya kai masa ƙarshe. Shi bai san sunan ba. Amma in suka faɗo a kansa, bakinsa zai sani. Zai amsa kafin a tambaye shi.

Ya cire hularsa ya cusa a baki. Duka. Har da zaren.

"Tanimu ɗan Kande."

"Tanimu ɗan Ramatu."

Muryar ba ta yin nisa. Suna gangarawa, tana nan daidai bayan kunnensa, ba gaggawa, suna bayan suna. Ya ji tabarmar ƙasan motar ta jiƙe a ƙarƙashin ƙafarsa. Bai duba ba. Bai kalli madubi ba. Yana addu'a a zuci, tunda baki ya cika da hula.

Ya sake sakin kuloci a ƙarshen gangarar. Fijo ta yi atishawa, ta kama.

Iro, wannan motar da ba ta taɓa wuce keke ba, ranar nan ta wuce tsuntsu. Sai da tayarsu ta hau kwalta sannan kiran ya ɗauke. A kan sunan Rabi aka tsaya. Ya ce har gobe yana jin yadda aka ja wannan "Rabi" ɗin, aka saurara.

Bai cire hular ba sai a ƙofar masaukinta a Jos. Duk hanya wandon Una na ɗigar ruwa. Tana fitowa daga mota wayarta ta yi ƙara. Ƙanenta ne daga Ayalan. Ta saurara, ta daɗe, ta dafa murfin mota.

Da ta kashe, sai ta dubi Tanimu.

"Mahaifiyata ta yi magana yau," ta ce. "Da rana. Ta tashi zaune a gado, ta faɗi kalma ɗaya. Masu jinya ba su san yaren ba. Sannan ta ce a miƙo mata takalmanta." Ta gwada kalmar a bakinta, a karkace, amma babu mai kuskure ta. "Na'am. Ita ce wadda muka ji a can, ko? Tanimu, me take nufi?"

Mai Turancin da zai yi wa Ingila gyara ya sunkuyar da kai.

"Madam, ban san wannan kalmar ba."

Ta dube shi. Ba ta sake tambaya ba. Ta shiga ta haɗa kayanta.

Ba ta riski tsohuwar ba. Tana cikin jirgi aka yi rasuwar. Daga baya ta aiko wa Tanimu saƙo ta hannun Fadan nan na Jos, don ta ce shi kaɗai zai yarda. Matar da ta yi shekaru ba ta taka ƙasa ba, da aka zo shirya ta, sai da aka kankare farin laka daga ƙafafunta. Har idon sawu.

Tanimu ya sayar da fijo a makon. Bara wata gwaggonsu ta zo daga ƙauye, ta ji tausayinsa, ta ce bari ta gaya masa sunan mahaifiyarsa ko don addu'a. Ya toshe kunne ya haura katanga, da girmansa. Kuma in kun bi ta tasha da tsakar rana, ku dube shi. Za ku ga ya cika baki da goro, ba ya ciniki, ba ya amsa sallama, sai rana ta karkata. Ya ce sunayen mata ba su ƙare musu ba tukuna.

Don haka hanyar Rafin Toka, kada wanda ya bi ta shi kaɗai, kada kuma ya bi ta da mai yawan magana. In kuka ga tsoho da jiƙaƙƙiyar ƙafa a inda babu ruwa, ku gaishe shi da hannu ku wuce. In ya tambayi ɗan wace ce, ku zama kurame.

Kai kuwa Iro, da ka je ka sa aka rubuta maka "Ɗan Hajiya Balaraba" da jan fenti a bayan babur, kana yawo da shi gari-gari, ni dai ban ce komai ba. Ban san ko helman ya iya karatu ba.

Labari ya kai gaɓa, na ɗaure bakinsa na ajiye. Ƙofar zaure a buɗe take tun ɗazu. Wa zai je ya rufe?